Ciwon Dada Da Aka Kira Taifod

Ƙarfe biyu da minti goma na ranar Laraba ne, muna cikin keke daga Jambutu zuwa babbar kasuwar Jimeta. Mu uku ne a baya: ni, da wani dattijo mai rungume da fayil, da wata mata da za ta kai shekara arba'in da biyar. Da keken ya tsaya a mahaɗa, matar ta sayi ruwan leda wanda ya daskare, ta tsotse ɗan ruwan da ke ciki, sannan ta shiga tauna ƙanƙarar. Ƙurus, ƙurus, ƙurus. Dattijon ya dube ta ya kawar da kai. Ni kuwa tafin hannunta na duba, na gan shi fari fat, babu ko alamar ja. Kafin in shirya abin da zan ce mata, ta buga wa mai keken ƙarfe ta sauka. Na san wannan ƙarar ta tauna ƙanƙara. Na yi wata biyar ina jin ta a gidanmu ina yarinya, kuma a lokacin ma shiru na yi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ba ni da zurfin karatu, a sakandare na tsaya, amma zan ba ku labarin a jere yadda ya faru, ba zan tsallake komai ba.

Gidanmu yana Yola Gari, tsohon gida ne na kakanmu. Zaure ɗaya, ɗakuna huɗu, rijiya ɗaya, bayan gida ɗaya, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Baba masinja ne a wata ma'aikata. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi. Mace ce mai tsari, a wajenta na koya. Litinin suyar gyaɗa, Talata niƙa da matsa, Laraba tuyar ƙuli, Alhamis kuma a kai kaya Jimeta. In ka shigo lungunmu ranar Litinin, ƙamshin gyaɗa zai gaya maka wace rana ce, ba sai ka tambaya ba. Ni ce 'yar fari, shekarata goma sha uku a lokacin. A gidaje irin namu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta sakewa da shi a hira. Dada "ke yarinyar nan" take ce mini. Tana sona, na sani, amma magana tsakaninmu ba ta wuce aike da gyara. Ku riƙe wannan, domin yana cikin abin da ya kusa kashe ta.

A ƙarshen kaka, lokacin da sabuwar gyaɗa ta fara shigowa kasuwa, 'yan bindiga suka shiga Mubi. Cikin mako guda gidanmu ya cika. Kawu, ƙanen Dada, ya iso da matarsa da 'ya'yansu, ƙafafunsu duk sun tsage saboda tafiyar daji. Goggo, yayar Baba, ta iso da surukanta mata biyu. Bayansu wasu suka biyo, wasu dangi, wasu maƙwabtan dangi. Na ƙirga mu ranar wata Juma'a, mu talatin da huɗu. Maza suka kwana a zaure da gindin mangwaro, mata da yara suka cika ɗakuna. Ba da su nake fushi ba. Mutanen da suka bar tukunya a kan murhu suka gudu, ba abin da za ka yi musu sai ka shimfiɗa tabarma. Dada ta shimfiɗa, ba ta taɓa ɗaure fuska ba.

Amma ga yadda ake cin abinci a gidan da ya yi baƙi. A fara zuba wa maza. Sai tsofaffin mata. Sai yara. Sai matan baƙi. Matar gida ita ce ta ƙarshe, don abin kunya ne a ga mai gida ta cika kwanonta alhali baƙo bai ƙoshi ba. In an sa bandar kifi a miya, ba ya kaiwa gare ta. In an sa nama, ƙamshinsa kawai take ji wajen kwasa. Abincinta ƙanzon tukunya ne da ɗan abin da ya rage na miyar kuka, ta bi shi da baƙin shayi mai kauri, kofi biyu, ta ce shi ke ba ta ƙarfi. Haka ta yi tun daga kaka har zafi ya shigo.

Tun kafin zuwan baƙi, al'adar Dada ta fara rikicewa. Shekarunta arba'in da shida. Wani watan ta zo da wuri, wani watan ta makara. Da baƙi suka zo sai ta ɗauke ɗif har wata biyu. Mata suna lura da wadda ta daina salla da wadda ba ta daina ba, don haka aka fara tsokanarta a wajen girki.

"Auta ne ke tafe," in ji surukar Goggo. "Za mu sha suna kafin mu koma gida."

Dada ta yi murmushi ta ce, "Ku bar ni da tsufana."

A wata na uku abin ya ɓalle. Ni ban san da shi ba sai ta wajen tsummoki. Igiyar shanya tana tsakar gida, inda maza ke wucewa zuwa rijiya, ba yadda za a yi mace ta shanya ƙunzugu a wurin. Da farko Dada ta riƙa wankewa tana ratayawa a bayan akwati cikin ɗaki. Ba sa bushewa, ɗakin kuma ya fara wani ƙarni, ga mutum tara suna kwana a ciki. Sai ta daina wankewa. Ta riƙa ƙulle su a baƙar leda ta miƙo mini.

"Ke yarinyar nan, jefa wannan a masai. Kada ki buɗe."

Sau uku, sau huɗu a yini. Ran nan na buɗe. Ban taɓa ganin jini mai yawan haka ba sai ranar layya. Akwai gudaji a ciki kamar yankan hanta. Na ƙulle ledar na jefa, na wanke hannuna, na dawo na ci gaba da ɓarar gyaɗa. Me zan ce? An ce kada in buɗe, kuma 'yar fari ba ta tambayar uwarta abin da ke ƙarƙashin zaninta. Abin da na yi kawai shi ne ƙirga zannuwan da ke cikin akwatinta. Goma sha ɗaya ne lokacin da baƙi suka zo. Ta fara yayyaga tsofaffin, sannan na tsakiya, har ta kai ga wani shuɗi mai zanen tsuntsaye da take zuwa biki da shi. Kafin sanyi ya fita, huɗu suka rage.

Jikinta ya yi ta magana, gidan mutum talatin da huɗu ba wanda ya saurara. Guga ɗaya za ta jawo daga rijiya ta tsaya tana haki, ita da take jawo ashirin ba ta huta ba. In ta tashi daga tsugune sai ta dafa bango. Wajen matsar gyaɗa, wanda aiki ne na ƙarfin hannu, sai ta ajiye muciya ta dafe ƙirji, ta ce zuciyarta na gudu. Da safe muna fama da ɗari muna jin wuta, ita kuma zafi zai taso mata farat ɗaya, gumi ya jiƙa mata wuya, ta cire ɗankwali tana fifita. Ta mari ƙanena a kan murfin kwano, ita da ba ta duka, sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ga kuma ƙanƙara. A tsakiyar sanyin nan take aikawa gidan maƙwabta masu firiza a sayo mata, ta zauna a bayan ɗakin girki tana taunawa. Daga baya ta ƙara da farar ƙasa. Kowa ya gani, kowa kuma yana da bayaninsa. Wata ta ce gajiyar baƙi ce. Wata ta ce ɓari ta yi, zai wanke da kansa. Wata tsohuwa ta ce cikin ne ya kwanta, kwaɗayin ƙanƙara ma shaida ne. Aka dafa mata saiwoyi, aka ba ta jiƙo. Ba wadda ta ambaci asibiti.

Ita kanta Dada ba jikinta ne ya dame ta ba. Salla ce. Kwanakinta shida ne tun tana budurwa, ga shi ta haura goma sha biyar ba ta kai goshi ƙasa ba, kuma tana tsoron Allah. A nan ne aka yi abin da har yau yake damuna. Zan faɗe shi mataki-mataki, don na farkon da kunnena na ji, sauran kuma waɗanda suka yi su ne suka faɗa da bakinsu daga baya.

Dada ba za ta iya zuwa wajen malam ba. Ba za ta iya gaya wa Baba ba, don shekara goma sha biyar da aure ba su taɓa yin irin wannan magana ba, kuma tun zuwan baƙi a zaure yake kwana. Sai ta sami Goggo a ɗakin girki, ina gefe ina tankaɗe. Ta yi ƙasa da murya, da Fulatanci, ta ce:

"Adda, abin nan ya ƙi tsayawa. Yau kwana goma sha bakwai. Yana zuwa da yawa, har jiri nake gani. Ban san yadda zan yi da salla ba."

Magana huɗu ke nan: ita ce, ya ƙi tsayawa, yana da yawa har da jiri, sai salla.

Goggo ta ce za ta sa a tambayo. Bayan la'asar ta tsaya a bakin zaure, ta ba ƙanenta gefen fuska, ta ce, "Wata a cikin gida tana tambaya. In kwanakin mata suka wuce lissafi, yaya za a yi da salla?" Yawan jinin ya faɗi a hanya. Jirin ya faɗi. Sunan mai ciwon ma ya faɗi, don a ganin Goggo rashin ta-ido ne ta dubi ƙanenta ta yi masa maganar jinin matarsa.

Baba ya ɗauka ɗaya daga cikin matan da suka yi gudun hijira ce. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya sami malamin unguwarmu ya ce, "Allah gafarta malam, wata baƙuwa ce a gidana take tambaya." Malam ya ba shi amsa cikakkiya. Ya ce ta ƙara kwana uku a kan kwanakin da ta saba, in bai ɗauke ba ta yi wanka ta ci gaba da salla. Sannan ya ce, jinin da ya wuce nan jinin ciwo ne, haka ma ake kiransa a littafi, don haka a gaya wa mijinta ya nema mata magani a asibiti. Malam bai rage komai ba. Ina so a san wannan, don kada wani ya karanta ya ce da malamai nake faɗa.

Baba ya dawo gida yana juya maganar. Matar wani ce a zatonsa. In ya ce a kai ta asibiti, kamar ya sa ido a kan iyalin baƙonsa ne, kamar kuma yana nuna sun zame masa nauyi. Sai ya ba Goggo rabin farko ya haɗiye na biyu. Goggo ta shigo ta ce wa Dada, "An tambayo. Ki yi wanka ki yi sallarki."

Ba zan manta fuskar Dada ba. Ta washe kamar an sauke mata dutse daga ka. "Alhamdu lillahi," ta ce. A wajenta an gama magana. An kai wa masu sani, sun ba da amsa, amsar kuma ba ta ce akwai matsala ba. Daga ranar ta riƙa ɗaura tsumma biyu ta yi alwala ta yi salla, wani lokaci a zaune don ba ta iya ruku'u sai ta ga duhu. Abin ya ɗan tsaya, ya dawo, ya ɗan tsaya, ya dawo fiye da da. Baki uku saƙon ya bi wajen tafiya, baki biyu wajen dawowa, kowane baki na mai son ta ne, kowane kuma ya gutsure wani abu don kunya.

Zafi ya shigo, irin zafin Yola da ke sa kwano ya yi ƙara a kan rufi. Kogi ya janye ya bar yashi fari. Wata Alhamis muka ɗauki jarkar mai biyu da buhun ƙuli muka hau keke zuwa Jimeta. Mai karɓar kayan Dada wata Inyamura ce, Kirista, mai shagon kayan masarufi a cikin kasuwa. Kowa Madam yake ce mata. Doguwa ce mai murya, shekararta fiye da ashirin a garin, Hausarta kuma ba ruwanta da mace ko namiji. Daga bakin kasuwa zuwa shagon ba nisa, amma sau uku Dada ta tsaya. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi muka isa. Madam ta turo mata benci.

"Kostoma, yau kai ya makara. Zauna, zauna."

Dada ta zauna har aka auna mai. Da ta miƙe za mu tafi, na ga bencin ya jiƙe. Ita ma ta gani. Ta sa hannu za ta ja mayafinta ta rufe, sai ta sulale ƙasa tsakanin buhunan shinkafa.

Madam ta tsallake teburi. Ba ta yayyafa ruwa ba, ba ta yi salati ko kururuwa ba tukuna. Ta sa yatsa ta ja fatar idon Dada ƙasa, ta duba, ta buɗe tafin hannunta ta duba.

"Chineke! Wannan ba shi da jini! Kai yarinya, tun yaushe mamanka yana haka?"

Na ce, "Ban sani ba."

"You no sabi? Gida ɗaya kuna kwana? Kai ba ka da ido?"

Ta riƙe kafaɗata ta girgiza ni. A nan, a tsakiyar kasuwa, gaban masu turin baro, na faɗi abin da na yi wata biyar ina ɓoyewa. Na faɗi ledoji, na faɗi gudaji, na faɗi zannuwa bakwai. Madam ta kwance zanin da ta yafa a kan siket ɗinta ta lulluɓe Dada daga ƙugu zuwa ƙasa, ta ja ƙofar shago ta sa kwaɗo, ta daka wa wani mai keke tsawa ya shigo har cikin layi inda aka hana su shiga. A hanya kan Dada yana cinyarta, tana ta faɗa, ban san ko da ni take ko da duniya ba.

"Ni ma ya yi mini, shekara biyu. Na je asibiti, an ba ni magani, ga ni nan. Wannan abu na mata ne in shekara ya kai. Me ya sa ku kuna ɓoye ciwo kamar kun sata?"

A asibiti aka ɗebi jininta aka auna. Wata nas ta dubi takardar ta dubi Dada ta ce, "Da ƙafarta ta zo kasuwa a haka?" Aka ce sai an ƙara mata jini leda biyu, yau ba gobe ba. Aka aika gida. Baba ya iso da kakin aikinsa a jiki, tare da Kawu da Goggo. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta tsaya a bakin gado ta tambayi Baba.

"Kai ne mijinta? Tun yaushe take zubar da jini?"

Baba ya ce, "Jini?"

"Wata nawa?"

"Wallahi likita, ban sani ba."

Likitar ta juyo wajena, na ce wata biyar. Ta ce ba wanda ya ce a kawo ta? Goggo ta yi saurin cewa ai an tambayi malam, ya ce ta yi salla. Sai na ga Baba ya juya a hankali ya dubi yayarsa. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya dubi Dada a kan gado, leɓunanta fari kamar ta sha kunun kanwa, ya ce:

"Ashe ke ce?"

Dada ta juya fuskarta ga bango.

Baba ya zauna a ƙasa, a kan simintin ɗakin marasa lafiya, namiji mai furfura, ya ce malam ya ce a kai ta asibiti. Ya ce shi ne bai faɗa ba. Ya maimaita sau uku. Shi ya ba da jini leda ɗaya, Kawu ya ba da ɗaya.

Washegari likitar ta zaunar da ni da Dada ta yi mana bayani, kuma zan rubuta shi yadda na riƙe. Ta ce kafin al'ada ta ɗauke wa mace gaba ɗaya, akwai shekarun da take rikicewa, galibi bayan arba'in. Takan tsallake wata, takan zo sau biyu, takan zo da yawa. Zafin da ke taso wa Dada da saurin fushin nan duk daga nan suke. Wannan ba cuta ba ce, hanya ce da mata ke bi. Amma ta ce zubar da ta wuce mako, ko wadda ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya ko biyu, ko mai manyan gudaji, ba a zauna mata a gida a ce tsufa ne. Jiki ba ya iya mayar da abin da ke fita, sai jini ya yi ƙasa, daga nan haki, jiri, bugun zuciya, da sha'awar ƙanƙara ko ƙasa. Kuma wani lokaci akwai wani abu a mahaifa da ke jawo zubar, wanda sai an duba ake sani. An duba Dada, an yi hoto, Allah Ya sa ba a sami mugun abu ba. Aka ba ta ƙwayar rage zubar, da ƙwayar ƙarin jini ta watanni. Aka ce ta ci hanta, wake, kifi da ganye, ta kuma raba shayi da lokacin cin abinci, don yana hana jiki ɗaukar abin da ke gina jini. Wato shayin da take cewa yana ba ta ƙarfi, shi ma yana cikin masu ja mata baya. Duk maganin da aka rubuta a tafin hannu ɗaya ya tsaya. Wata biyar, zani bakwai, don abin da zai shiga tafin hannu.

Da a nan labarin ya ƙare, da ban rubuta shi da fushi ba.

Kwana biyar Dada ta yi a asibiti. Dangi da maƙwabta suka riƙa zuwa dubiya da kwanukan abinci. Duk wanda ya ce me ya same ta, Goggo ce ke amsawa: "Taifod ne, ya haɗu da gajiya." Ranar farko na ɗauka don maza ne. Amma da muka koma gida, a cikin mata zalla, haka aka ci gaba da faɗa. Dada ma da bakinta. Manyan mata goma sha biyu ne a gidan a lokacin, huɗu daga cikinsu sun haura arba'in. Sun ga mace ta kusa mutuwa a gabansu, an gano dalili, an gano magani, aka rufe musu shi da sunan wata cuta.

Kwana biyu kafin su Kawu su koma Mubi, matarsa ta same ni ina wanke-wanke a bakin rijiya. Mace ce mai sanyin hali, ita ce ta karɓi matsar gyaɗa lokacin da Dada ke kwance. Ta tsuguna kamar za ta taya ni, ta duba hagu da dama, ta ce a hankali:

"'Yata, da gaske taifod ne?"

Goggo tana zaune a gindin mangwaro, ba ta ma kallonmu. Ba wanda ya riƙe mini baki. Na san komai, na ji daga bakin likita. Na ce, "E, taifod ne."

Ta ce, "To, Allah Ya ƙara sauƙi." Ta tashi.

Bayan shekara huɗu aka aiko ta rasu. Aka ce gajeruwar rashin lafiya. Da muka je gaisuwa, babbar 'yarta ta ja ni gefe ta ce mini uwarta ta fi wata bakwai tana zubar da jini, ba wanda ya sani, har mijinta. Sai ranar da ta faɗi a gona. Ba ni da takardar likita, ba zan ce ga abin da ya kashe ta ba, kwana kuma in ya ƙare ya ƙare. Amma na san ta taɓa tsugunawa kusa da ni ta yi tambaya, kuma na san amsar da na ba ta.

Dada tana nan da ranta. Al'adar ta ɗauke mata bayan shekara uku, yanzu jikokinta take goyo, tana kuma matsar gyaɗarta ranar Talata. Abubuwa sun canza a Yola. Audugar mata tana kowane shago, kowace yarinya tana da waya, ana iya tambayar malam ta rediyo ba sai an aiki kowa ba. Amma har gobe in aka tuna waccan shekarar a gidanmu, cewa ake yi "shekarar da Dada ta yi taifod." Da na gaya mata zan rubuta wannan, ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Ke yarinyar nan ba ki da kunya." Har na kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Kada dai ki sa suna." Ban sa ba.

Kunya tarbiyya ce, da ita aka rene ni, kuma ina koya wa 'ya'yana ita. Amma wadda za ta sa miji ya kai tambayar matarsa wajen malam bai san tata ba ce, wadda za ta sa yarinya ta dubi mace mai neman ceto ta yi mata ƙarya, wannan ban yarda da ita ba, ko wa ya koyar da ita.

Ga roƙona gare ku. In akwai mace a gidanku da ta haura arba'in, uwa ce, ko mata, ko goggo, ko yaya, ku same ta yau ita kaɗai. Kada ku aiki kowa. Ku tambaye ta da bakinku: kwana nawa yake yi, yaya yawansa, tana haki ko jiri? In ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, ku zauna ku sake tambaya. In amsar ta nuna ya yi yawa, ku raka ta asibiti a auna jininta a duba mahaifarta. In kuma ta warke wata mace ta zo ta tambaye ku me ya same ta, don Allah ku faɗa mata sunan ciwon na gaskiya.